Zaren da Ya Nufi Katangar Yaya

Sukwaya suke kiransa. Idan ka taɓa leƙa shagon mai walda ka san abin: ƙarfen nan ne mai kusurwa da ake karawa a jikin aiki don a gane ko ya miƙe ko ya karkace. Nasa ba ya barin aljihunsa na baya. Idan ya je gidan mutane gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya gama ƙare wa ƙofarsu kallo, kuma ba ya iya haɗiye abin da ya gani.

"Wa ya yi muku wannan? Ai ta kwanta hagu."

Matarsa ta sha kunya har ta gaji, ta daina binsa unguwa. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Bai taɓa cutar kowa a aiki ba, ƙofar da ya haɗa kuwa sai dai ginin ya faɗi ya bar ta a tsaye. Matsalarsa ɗaya ce, bai san cewa akwai gaskiyar da ake jira baƙi su tashi kafin a faɗe ta ba.

Yayansa ne ya raine shi. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, Yaya ya ɗauke shi ya sa shi a shagon walda, ya koya masa riƙon ƙarfe, ya koya masa kau da ido daga hasken wuta, ya yi masa aure da guminsa. Shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Sai wata rana wani mai gida ya dawo da ƙofar da Yaya ya haɗa, yana faɗa wai ba ta rufuwa. Shago cike da mutane. Sukwaya ya zaro ƙarfensa ya kara, ya ɗago kai ya ce wa mutumin, "Kana da gaskiya. Aikin Yaya ne, kuma ya karkace." Bai tsaya nan ba. A gaban kowa ya yanke ta gida-gida ya sake haɗawa.

Yaya ya wanke hannu, ya canza riga, ya fita, kuma bai sake taka shagon ba. Sukwaya yana ganin ai bai yi ƙarya ba, don me zai ba da haƙuri? Haka aka ɗebi shekaru, har yaran da aka haifa a lokacin suka shiga sakandare.

Gidan Yaya ba nisa. Kowace safiya Sukwaya yana bi ta ƙofarsa a kan keke, kuma kowace safiya Yaya yana zaune a benci da rediyonsa, sanye da baƙin gilashi irin na tsofaffin masu walda, fuskarsa a karkace gefe guda. Sukwaya yakan rage gudu, ya jira ko za a ɗago. Ba a ɗagowa. Sai ya taka keken da ƙarfi, ya isa shago zuciyarsa na tafasa. Duk wanda ya ɗauko masa zancen Yaya, sai ya kunna injin gurza ƙarfe ya bar mutum yana motsa baki shi kaɗai. Matarsa ta taɓa farawa da cewa, "Baban yara, ka kuwa ji idon Yaya..." ya katse ta.

"Kowane mai walda idonsa na ciwo. Ya yanka dankali ya ɗora."

Daga nan kowa ya kama bakinsa.

Abin da ya shigo rayuwarsa ya girgiza ta, wata malamar kimiyya ce ta kawo shi, ba da niyya ba. Ta zo da kujerun ajinsu a yi musu ƙafafu, tana jira tana kallon waya, sai ya hango hoto. Wata na'ura ce mai ƙafa shida da dogon wuya, tsaye ita kaɗai a cikin jan fili, ba itace ba tsuntsu.

"Wannan kuma injin mene ne?"

"Mota ce mai tuƙa kanta," in ji Malama. "Tana can wata duniyar, jar nan da ake kira Mas. Daga nan ake ba ta umarni, ta yi tafiya, ta ɗauki hoto ta aiko."

Ya karɓi wayar da hannunsa mai baƙin mai. Bai damu da duniyar ba, ƙafafun ya zuba wa ido: yadda aka haɗa su da sanduna masu lanƙwasa, ɗaya ta hau dutse sauran na ƙasa, jikin kuma bai karkata ba. Ya buɗa hoton, ya matse, ya juya wayar. Yana neman aibu. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa kallon aikin wani ya rasa abin faɗa ba, ranar ya rasa. Ya zauna a kan tsohuwar taya, bakinsa a sake, har wutar da ya bari ta cinye bakin ƙarfen da yake aiki a kai.

"Mutum ne ya haɗa wannan?" ya ce. "Mutum mai hannu biyu irina?"

Ashe Malama ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani tela a bakin titi da ya haddace labarin na'urar kamar 'yarsa ce, da wani direban tasi, da wata mai yin kek. Sukan haɗu su kalli sababbin hotuna, su raɗa wa duwatsun can sunaye, su yi ta musu a kan ko wancan ya fi kama da kan rago ko da tsohon takalmi. Sukwaya ya shiga cikinsu, kuma da shigarsa wasa ya ƙare. Ya tara tayoyin baro, da gangar tsohon injin wanki, da bututun ruwa, ya rufe kansa a shago. Da ya buɗe ƙofa, sai ga ta tsaye, ƙafa shida, wuya a miƙe, idanu na gilashin fitilar babur. Tela ya dafe ƙirji yana salati. Mai kek ta zagaya ta tana cewa, "Wallahi kallona take!"

Suka sa wa ta can suna Ta Sama, wannan kuma Ta Ƙasa. Tela ya ɗinka wa Ta Ƙasa riga saboda ruwan sama. Ɗaliban Malama suka shafa wa duwatsu jan fenti suka watsa a babban filin da ke bayan shagon. Sai Sukwaya ya kafa doka, don shi ba ya iya jin daɗin abu sai da doka: inda Ta Sama ta nufa, nan Ta Ƙasa za ta nufa, ba ragi ba ƙari.

Ga yadda suke yi. Masu na'urar suna wallafa tafiyarta, nisan da ta ci da fuskar da ta dosa. Malama ta rage lissafin yadda doguwar tafiyar can za ta zama 'yan taku a nan. Ranar Asabar da safe a hallara, a ɗora kamfas, wato 'yar na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, a kan gadon bayan Ta Ƙasa. Nan Sukwaya ya nace a riƙa ɗora ta, wai duk filin ba wurin da ya yarda ya kwanta daidai sai inda shi ya gwada da hannunsa. A ja zare, a kafa turke, a tura ta a hankali ana tafi, sannan a ci kek.

Dokar ba ta da tausayi. Zare ya taɓa bi ta tsakiyar taɓo, suka shiga har gwiwa. Ya bi ta kan juji, suka kwashe jujin. Da ya faɗa kan wata ƙaya, Tela ya ce a ɗan kewaye mana, ai ba wanda zai kai ƙara sama.

"In kewayewa za mu yi, mu koma gida mu yi wasan yara," in ji Sukwaya, ya ɗauko adda.

Sai ranar da masu na'urar suka sanar cewa za ta miƙe ɗoɗar zuwa wani tsauni mai nisa, tafiyar watanni, ba kwana. Murna ta kama kowa. Suka ce bari a ja dogon zare tun yanzu a ga inda Ta Ƙasa za ta ƙare. Direba ya kama bakin zaren yana tafiya, Malama na duba allura tana cewa ya ɗan yi dama, ya ɗan dawo. Ya tsallake filin kakaf, har bayan gidajen da ke can ƙarshe, ya tsaya don ba sauran wurin zuwa. Ya buga ƙusa a jikin wata katanga ya ɗaura, ya ɗaga murya.

"Akwai saura! Lissafin ya shige cikin gidan nan!"

Ba wanda ya yi dariya. Tela ya kalli Mai kek, Mai kek ta kalli ƙasa. Katangar bayan gidan Yaya ce.

Sukwaya ya sa Malama ta sake lissafin, ta sake. Ya duba allurar da kansa, ya kwanta a ƙasa ya bi zaren da ido ɗaya. Zaren yana nan inda yake. Duk faɗin duniyar nan, da ta sama da ta ƙasa, wai an rasa inda za a nufa sai tsakar gidan mutumin da ba ya ɗaga ido ya kalle shi.

Tun daga ranar ya rame. Kowace Asabar Ta Ƙasa tana ƙara matsawa, shi kuma abinci na ƙara fita masa a rai. Tela ya kawo shawarar a tsaya a gindin katanga a ce an iso. Direba ya ce a ɗauke ta a kewaya da ita ta titi. Amma wa zai faɗi haka a gaban mutumin da ya sare ƙaya? Shi kansa ya san ya ɗaure kansa da bakinsa. Hanya ɗaya ta rage: ya je ƙofar gidan, ya sauka daga keke, ya yi sallama, ya roƙi izini. Ya sha shiryawa. Yakan iso, ya ga baƙin gilashin da fuskar nan a karkace, sai ƙafarsa ta taka keke da kanta.

"Ƙarfe kake lanƙwasawa da hannunka," matarsa ta ce masa wata rana tana kwashe kwanon da bai taɓa ba, "amma wuyanka ya gagare ka. Ni dai na gaji da dafa abincin da kaji za su ci."

Tsoro yake ji, kuma ya san tsoron me. Ba zagi yake gudu ba. Gudu yake ya yi sallama a yi shiru.

Asabar ɗin da ya rage 'yan taku a kai katanga, Malama ta riga kowa zuwa. Ta same shi a shago, fuskarta ba annuri, kamfas a tafin hannunta.

"Malam, zo ka ga wani abu. Ka riƙe zuciyarka."

Ta tsaya a tsakiyar titi ta nuna masa allurar. Sannan ta taka a hankali zuwa ƙofar shagon, ta kusantar da ita jikin tulin ƙarafa. Allurar ta juya, a fili, kamar an kira ta. Ta ja baya, allurar ta koma inda take.

"Ƙarfe yana janta," ta ce. "Jiya ina koya wa yara wannan darasin, ina cikin magana sai gabana ya faɗi. A kan me muke ɗora ta tun farko?"

Shi ma ya san amsar. A kan gangar injin wanki. A kan ƙarfe tsantsa, inda shi ya nace.

"Na sake lissafin daga tushe," ta ci gaba. "Tun turken farko muka kauce. Da mun bi daidai, can wajen tsohuwar rijiya za mu ɓulla. Ko kusa da gidan Yayanka ba za mu bi ba. Laifina ne, ni ya kamata in lura."

"Ba naki ba ne."

Ya jingina da ƙofa. Duk taɓon da suka shiga, duk jujin da suka kwashe, da ƙayar da ya sare yana cika baki, a karkace aka yi su. Shi, Sukwaya! Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. A ƙarƙashin kunyar kuma ya ji sauƙi, don yanzu ba sai ya je ƙofar kowa ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne sauƙin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Da sauran suka iso aka gaya musu. Tela ya zauna daɓas a kan benci, Mai kek ta kusa sakin tiren hannunta. Sukwaya ya ɗauko guduma ya ce a je a tumɓuke turakun, a fara daga farko. Suka bi shi shiru kamar masu rakiyar mara lafiya.

Tun daga tsakiyar fili suka fara jin bugu. Da suka matso, Direba da ke gaba ya ja ya tsaya, ya ɗora hannu biyu a ka.

An fasa katangar. Daidai inda ƙusar take, an ɓula wata ƙatuwar kafa daga ƙasa har ƙirjin mutum, bakinta duk gatso-gatso. Ta cikinta ana hango tsakar gida, da igiyar shanya, da randar ruwa. A tsakiyar ɓaraguzan bulo wani tsoho yana durƙushe da guduma da cizal na sassaƙa bulo, ƙura ta yi masa fari fat, bayan hannunsa na jini. Matar Yaya tana tsaye a kansa, riƙe da bakin zaren.

"A'a, ƙaramin mijina!" ta ce da ta hango Sukwaya. "Ashe ka san hanya. Ka ga aikin da ɗan'uwanka ya sa ni. Tun da ya ji bugun ƙusa a katangarsa ya hana ni sakat, sai na gaya masa me kuke yi. Da mayafina na je na auno masa faɗin abar. Na ce a kira magini, ya ce ba wanda zai taɓa masa."

Sukwaya bai ji rabin abin da ta ce ba. Yana tsaye gaban Yaya, kusa har inuwarsa ta rufe shi. Yau ba baƙin gilashi. Tsohon ya ɗago, ya karkata kai gefe guda, irin karkatawar nan ta kowace safiya, kunnensa wajen mutane, fuskarsa wajen da ba kowa. Idanun sun yi fari, ba sa tsayawa a kan komai. Ya miƙa hannu yana lalube a ƙasa, yana neman cizal ɗin da ke gab da gwiwarsa.

"Su wa suka zo?" ya tambayi matarsa. "Da wa kike magana?"

Gudumar ta suɓuce daga hannun Sukwaya. Ya waiwaya ya kalli Tela, Tela ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Wallahi mun ɗauka ka sani. Kowa ya sani."

"Yaya," ya ce. Muryar da ta fito ba tasa ba ce. "Tun yaushe?"

Tsohon ya daina lalube.

"Auta ne?"

"Ni ne."

"Tun muna shago ya fara. Hazo-hazo nake gani a lokacin, na ƙi faɗa, ina tsoron a daina kawo mana aiki. Daga baya ya rufe gaba ɗaya."

Sukwaya ya durƙusa a cikin ɓaraguzan, bai san ya yi ba. "Kullum ina wucewa ta ƙofarka. Kullum, Yaya. Ina rage gudu, ka kau da kai."

"Wucewa kake?" Mamakin da ke fuskar tsohon na gaske ne. Ya juya wajen matarsa. "Ke, wucewa yake?"

"Da sassafe ina ciki ina fama da wuta, ina zan sani?"

"Ina jin wani keke yana rage gudu," Yaya ya ce a hankali. "Kowace safiya. Nakan juya kunne in ji ko mai shi zai yi magana. Bai taɓa yi ba. Na ɗauka ramin da ke ƙofar gidan yake kauce wa."

Mai kek ta toshe baki da mayafi. Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Sukwaya kuwa kuka yake yi, irin na manya, ba sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Baƙin cikin bai da wurin ajiyewa, don ba wanda zai ɗora wa sai kansa.

Yaya ya share hannunsa a riga, ya shafa bakin kafar da ya ɓula, kamar mai jin nauyin abin da ya yi.

"An ce min kai ba ka kewayewa, ko ƙaya ce sai ka sare. Na ce to, kada yaron nan ya zo ya tsaya a bayan katangata yana jin kunyar roƙo. Ban dai sani ba ko na fasa a inda ya kamata, da hannu na bi zaren. Nan ta nufa ko?"

Malama tana tsaye a bayan Sukwaya, kamfas a hannunta. Duk wanda ke wurin ya san Sukwaya, ya san bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa ba, nasa ko na wani. Ya ɗago jajayen idanunsa ya kalli Malama. Ita kuma a hankali ta sa kamfas ɗin a jaka ta ja zif.

"Nan ta nufa, Yaya," ya ce. "Nan ɗin nan."

"To alhamdu lillahi. Ku turo ta mana, me kuke jira? Ina so in taɓa ta."

Direba da Tela suka juya da gudu, har suna tuntuɓe da jajayen duwatsu. Tsohon ya miƙa hannu cikin iska, ya sami kafaɗar ƙanensa, ya bi ta zuwa wuya, zuwa gemun da bai san da shi ba. Yatsunsa masu ƙura suka tsaya a nan.

"Ƙara magana in ji, Auta," ya ce. "Muryarka ta tsufa."